Ranar Da Wuta Ta Ƙi Zuwa Fulogi A Gadar Wudil

Duk wanda ya taɓa ratsa Wudil ranar Juma'a ya san abin da ake kira cunkoso. Ran nan ce kasuwar shanu take ci, tun da hantsi har dare manyan motoci suna ta lodi za su yi Kudu, ga masu kifi a bakin gada, ga fasinjoji jingim suna jiran motar Gaya, ko Dutse, ko Birnin Kudu. Garin yana kimanin kilomita 40 ne daga Kano a kan hanyar Maiduguri, mu kuwa mazauna ƙauyukan ƙasar Sumaila da Takai, in Kano za mu, ta kan gadar nan muke bi.

A wata irin Juma'ar nan ce, da damina, wajen ƙarfe goma na dare, motar ikkilisiyarmu ta mutu muna gab da hawa gada. Peugeot 504 ce doguwa mai kujeru layi uku, wadda ta girmi direbanta nesa ba kusa ba. A baya ga matar ɗaya daga cikin matasanmu kwance bisa cinyar surukarta, kwananta biyu tana naƙuda. Ma'aikaciyar ɗakin shan maganinmu ta rubuta takarda, ta ce kada mu tsaya ko'ina sai babban asibiti a Kano, gama jaririn a gicciye yake. Tun kafin mu shigo gari motar take ɗan fizga. Ta yi harbi sau biyu ta salansa, sa'an nan ta yi tsit kamar an hure fitila. Direba ya murɗa makulli, kik ya juya injin da ƙarfinsa, amma ta ƙi tashi. Ya sake murɗawa, haka. Ya kuma sakewa, haka.

Ni ne na riƙe tocila a daren nan, abin da idona ya gani kuwa shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na sani a ikkilisiyoyinmu na karkara har yanzu akwai irin waɗannan tsofaffin motoci, wata a-kori-kura, wata doguwa irin tamu. Su ne motar asibiti, su ne motar gawa, su ke kai zumuntar mata taron shekara, su ke kai mai bishara ƙauyen da babu majami'a. Kuɗin gyaransu kuwa daga baikon talakawa yake fitowa. Ashe ya kamata dattawa da ma'aji da direba su san wani abu game da cutar da ta fi kwantar da motocin nan, wato rashin wuta a fulogi.

HANYAR DA WUTA TAKE BI

A Faransa aka fara ƙera 504 a 1968, ta kuma ci lambar motar shekara ta Turai a 1969. Mu nan ta Kaduna muka fi saninta, inda kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, har ta zama motar gwamna, motar alƙali, motar 'yan sanda, motar haya, Bahaushe kuma ya mai da sunanta Fijo. An ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har 2006, shekaru da yawa bayan Turawa sun daina yin ta a ƙasarsu.

Tsarin ba da wutarta kuwa ya girme ta. Wani Ba'amurke mai suna Charles Kettering ne ya tsara shi, aka fara sa shi a motocin Cadillac a 1910, aka yi ta amfani da shi fiye da shekara 60 kafin na'urorin lantarki na zamani su ture shi. Alherin tsohon tsarin nan shi ne babu asiri a cikinsa. Motar yau in ta ƙi tashi sai an jona mata kwamfuta. Wannan kuwa ƙwan fitila ɗaya da guntuwar waya sun isa a gano ciwonta, muddin mutum ya san hanyar da wuta take bi.

To, ga hanyar. Batir yana ba da bolt 12, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turawar lantarki. Bolt 12 ba ya iya tsallake tazarar da ke bakin fulogi, ana bukatar fiye da bolt 10,000. Aikin kwayil ke nan, dogon gwangwanin nan da aka ɗaure kusa da injin. A cikinsa akwai naɗin waya iri biyu, mai kauri zagaye 'yan ɗaruruwa, da siririya kamar gashi zagaye dubbai. In aka murɗa makulli, lantarki yakan shiga kwayil ta ƙafa mai alamar +, wadda a kwayil ɗin Faransa na asali aka rubuta mata BAT, ya zagaya waya mai kauri, ya fita ta ɗaya ƙafar mai alamar − ko RUP, ya gangara distirbuta, ya bi ta kwantak, ya shige ƙarfen jikin mota, ya koma batir.

Kwantak ba kome ba ne illa baki biyu na ƙarfe masu buɗewa da rufewa. A tsakiyar distirbuta akwai sanda mai tudu huɗu, tana juyawa, kowane tudu yana ture bakin ya buɗe. Sa'ad da bakin yake rufe, lantarki yana gudana, maganaɗisu yana taruwa a cikin kwayil. Da ya buɗe, sai maganaɗisun ya rushe farat ɗaya, rushewar nan ce take haifar da babbar wuta a cikin siririyar waya. A lura da wannan, domin a nan direbobi da yawa suke ɓata lissafi: lokacin buɗewa ne tartsatsi yake fita, ba lokacin rufewa ba. A gefen kwantak akwai wani ɗan gwangwani da bai fi gaɓar yatsa ba, shi ne kondansa. Aikinsa shi ne ya haɗiye wutar da take so ta tsallake bakin kwantak sa'ad da yake buɗewa, domin yankewar ta zama mai kaifi, bakin kuma kada ya ƙone. Daga kwayil babbar wuta takan bi babbar waya zuwa tsakiyar murfin distirbuta, ta sauka ta ɗan gawayi zuwa kan rota, rota kuwa tana juyawa tana raba wa fulogi huɗu, kowanne a lokacinsa. In injin yana juyawa sau 3,000 a minti, bakin kwantak yana buɗewa sau 100 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Mai karatu ya duba irin wahalar da ɗan ƙarfen nan yake sha daga Sumaila zuwa Kano.

DATTIJON DA YA TASO DAGA TEBURIN MAI SHAYI

Direbanmu yaro ne mai ƙoƙari, ba na kuwa zarginsa, amma abin da ya yi a minti goma na farko shi ne abin da akasarinmu za mu yi. Ya jiƙa tsumma ya naɗe kwayil. Ya bubbuga kan batir da dutse. Muka tura motar, ya saki kuloci, ba labari. Muka aiki mijin yarinyar cikin gari ya nemo shatar mota ko nawa ne, surukar kuwa tana ta addu'a a hankali, tana kiran sunan Yesu. Can direba ya tsiyayo fetur a murfin jarka, ya cire tukunyar iska, zai zuba a bakin kafireta.

Sai muka ji murya daga teburin mai shayi. "Kai yaro, ajiye wannan! Motar da take harbi ita za ka ba fetur a baki? So kake ka ƙone mu duka?"

Wani dattijo ne Musulmi, mai furfura, riga duk baƙin mai. Ya taso da kofinsa a hannu, ya leƙa bayan motar, ya ga halin da ake ciki, ya ce, "Sannu Iya, Allah ya sauke ta lafiya." Muka ce amin. Ya juyo wurina ya ce, "Malam, haska mini nan. Yaya ta yi kafin ta mutu?" Na faɗa masa. Ya ce, "In mai ne ya yanke, mota takan yi ta shaƙewa tana ja da baya, ta mutu a hankali kamar mai jin barci. In wuta ce, yankewa take yi, ko ta yi harbi. Amma kada mu yi duba, bari mu gwada."

Da farko ya sa direba ya tabbatar giya tana furi, an kuma ja burkin hannu. Ya sa aka kai fetur ɗin nan nesa. Batir bai ɓata lokaci a kansa ba, tun da kik yana juyawa da ƙarfi, fitilun gaba kuma ba su dushe ba. Ya zare babbar waya daga tsakiyar murfin distirbuta, ya riƙe ta da filaya mai hannun roba, ya kusantar da bakinta ga ƙarfen injin, tazarar kamar kaurin fensir. Ya ce, "Yi kik, ɗana." Injin ya juya. Ko ƙyas.

Wannan gwaji shi ne yake raba gari biyu, don haka bari in tsaya a kansa. In wuta mai shuɗi ta tsallaka tana ƙara tas-tas, to, kwayil da kwantak da kondansa lafiyarsu ƙalau, ciwon yana gaba, wato a murfi, ko rota, ko wayoyin fulogi, ko fulogin kansu, ko kuwa ma ba maganar wuta ba ce sam. In wutar ja ce ko rawaya, siririya, sai an matso da waya ƙwarai kafin ta tsallaka, akwai rauni a baya. In babu ko kaɗan, kamar tamu, ciwon yana tsakanin makulli da kwantak. Mutum ya ga ke nan da gwaji ɗaya an sallami rabin kayan da ake zargi. Sai dai a kiyaye, kada a riƙe wayar nan da hannu tsirara, balle da jiƙaƙƙen hannu, mai ciwon zuciya kuma ya bar wa wani. Motar da aka riga aka sauya mata distirbuta zuwa na zamani marar kwantak, ita ba a yi mata wannan gwaji da tazara mai faɗi, domin yana iya kashe na'urar.

Dattijon ya laluba aljihu ya fito da ƙwan fitilar mota, an lanƙaya masa waya biyu. Kayan aikinsa ke nan duka, sai sukudireba. Ya maƙala waya ɗaya a jikin injin, ya ce a kunna makulli kawai, ban da kik. Ya taɓa ƙafar + ta kwayil da ɗaya wayar, ƙwai ya kama. "Wuta tana zuwa daga makulli," in ji shi. Da bai kama ba, da sai a koma baya a bi makulli da wayarsa. Ya matsa zuwa ƙafar −, ya ce a yi kik. A mota mai lafiya ƙwan zai riƙa ƙiftawa ne, ya kama in kwantak ya buɗe, ya mutu in ya rufe. Namu ya ƙi kamawa sam.

Ya ce, "To, abu biyu ne. Ko naɗin cikin kwayil ya yanke, wuta ba ta fitowa, ko kuwa tana fitowa amma wani ɓarawo a cikin distirbuta yana zubar da ita a jikin mota." Ya kwance siririyar wayar da ta tafi distirbuta daga ƙafar −, ya sake taɓa ƙafar da ƙwai. Nan take ya kama. "Kwayil ɗinku ba shi da laifi. Cire masa tsumman nan, ba zazzaɓi yake yi ba." Ya mai da wayar, ya ɓalle murfin distirbuta, ya zare rota, ya buɗe bakin kwantak da tsinken ashana. Ƙwai bai kama ba, alhali baki a buɗe yake. Ya kwance wayar kondansa kaɗai, ya sake buɗe bakin. Sai ga haske.

"Ga ɓarawonku," in ji shi. Ya juya ɗan gwangwanin a hasken tocila, sabo fil yana ƙyalli. "Yaushe aka sa wannan?" Direba ya ce mako biyu ke nan, lokacin da aka yi wa motar sabis. "Na da fa, me ya yi?" Direba ya ce ba abin da ya yi, an dai ce a sauya. "Ina yake?" Yaron nan ya zazzage buhun sifanu a kan kwalta, muna ta lalube a cikin duhu, sai ga tsohon kondansa, baƙi ƙirin da datti, wanda Ubangiji ya hana shi jefarwa. Dattijo ya goge shi da gefen riga, ya ɗaura, ya goge bakin kwantak, ya daidaita tazarar da kwalin ashana, ya mai da rota da murfi. Kik ɗaya ta tashi.

Duka aikin bai kai minti ashirin ba. Mijin yarinyar ya dawo a guje bai sami mota ba, ya tarar da tamu tana ruri. Na miƙa wa dattijon kuɗi, ya ture hannuna ya ce, "Malam, ku tafi, mai naƙuda ba ta jiran ciniki." Da ƙyar ya yarda na biya masa kuɗin shayinsa. Kafin ƙarfe ɗaya na dare an shiga da ita ɗakin tiyata, aka ciro 'ya mace, uwa da 'ya duka suna raye. Ban ko tambayi sunan bawan Allahn nan ba, abin da har yau yake damuna.

SAURAN WURAREN DA WUTA TAKE ƁACEWA

Bayan wannan dare na zauna da makanikai fiye da ɗaya, na kuma karanta littafin motar da ya daɗe a kabad ɗin Baba Fasto ba mai buɗewa. Abin da na fara ganewa shi ne, da ƙwan nan ya kama ya ƙi mutuwa a ƙafar − lokacin kik, da labarin ya juya. Ma'anarsa lantarki ba ya samun hanyar wucewa ta kwantak, ko don bakin ya yi datti ko ya ƙone, ko ba ya rufewa, ko siririyar wayar distirbuta ta tsinke a cikin robarta.

Kwantak shi ne ya fi kowa laifi a yawancin lokaci, ƙasarmu kuwa ba ta raga masa. Akwai ɗan dunduniyar roba da take gogar sandar nan mai tudu huɗu. Da hunturu ƙura takan shiga ta zama kamar samfefa, ta cinye dunduniyar a hankali, tazarar baki ta riƙa raguwa. Tazarar da ta dace a 504 ita ce milimita 0.40, a auna lokacin da dunduniyar take bisa ƙololuwar tudu. In ta ragu, baki yakan makara wajen buɗewa, wuta ta zo a makare, mota ta rasa ƙarfi, ta yi zafi, ta sha mai, ta yi wuyar tashi da safe. Kwalin ashana dabarar bakin hanya ce, ta fitar da mu a daren nan, amma ma'aunin gaskiya shi ne ganyayyakin ƙarfen nan da makanikai ke kira fila-geji. A ɗan shafa giris a sandar, kamar ƙwayar dawa, kada ya wuce haka, domin in ya fantsama a baki ya zama wata sabuwar cuta. Kuma a fara daidaita tazara kafin a taɓa taimin, gama duk wanda ya sauya tazara ya sauya taimin ko bai sani ba. Na ga makanikai suna murɗa distirbuta da kunne suna neman inda injin zai yi daɗin ji, alhali tazarar ce ta rufe. In aka kai taimin gaba fiye da kima, injin yakan yi ƙara a hawa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wannan ƙara kuwa fistin take ci.

Kondansa ba kullum yake mutuwa gaba ɗaya kamar namu ba. Wani lokaci rauni yake yi. Alamarsa wuta rawaya a babbar waya, da tartsatsi mai yawa a bakin kwantak, da baki mai ƙonewa bayan 'yan kwanaki ko da sabo ne, da fizga wadda take ƙaruwa in injin ya yi zafi. A ganina, kondansa na asali da yake aiki kada a taɓa shi don kawai ana sabis. Jabun kaya sun cika kasuwa, ƙyallin gwangwani kuma ba shaida ba ne.

Kwayil kuwa shi ne wanda aka fi zalunta. Da mota ta ƙi tashi sai a ce kwayil, a sayo sabo. Gaskiya ne yakan mutu, alamar mai ciwo kuwa ita ce mota ta yi tafiya lafiya, ta mutu in ta ɗau zafi, ta tashi bayan ta huce. Daga nan dabarar jiƙaƙƙen tsumma ta samo asali. Amma sau da yawa mu ne muke kashe shi. Direba yana jiran a tashi daga doguwar sujada, ya bar makulli a kunne yana jin rediyo, injin a kashe. In ya zamana kwantak a rufe ya tsaya, lantarki yana ta kwarara cikin kwayil ba hutawa, ya dafa shi, ya ƙone baki. Sa'an nan ba kowane kwayil ne ya dace ba, ko da sun yi kama. Wanda ake haɗawa kai tsaye da bolt 12, in aka auna tsakanin ƙafafunsa biyu da mita yakan nuna wajen om 3. Mai nuna wajen om 1.5 yana bukatar ɗan farin tangaran ɗin nan da ake kira balas a gabansa. Na motocin zamani kuwa yakan gaza om 1, in aka ɗaura shi a motar kwantak zai ƙone baki cikin ɗan lokaci. Mai sayarwa zai ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Da damina ciwon yakan koma gaba. Motar da ta kwana a waje, musamman a gari mai laima irin na bakin kogi, raɓa takan taru a cikin murfin distirbuta, babbar wuta ta bi laimar ta zube. A ɓalle murfin a goge da busasshen tsumma mai tsabta ciki da waje. A duba ko akwai tsaga, ko wani siririn baƙin layi kamar an ja da fensir tsakanin ƙafafun ciki. In akwai, wuta ta riga ta yi wa kanta burtali, murfin ya gama aiki. A taɓa ɗan gawayin tsakiya a ga yana shiga yana fitowa. Rota ma tana iya hujewa ta ciki ba a gani da ido. Gwajinta shi ne a cire murfi, a kusantar da babbar waya ga tagullar kan rota, a yi kik. In wuta ta tsallaka mata da ƙarfi, to, tana zubarwa ta sandar ƙasa, a sauya ta. Wayoyin fulogi kuwa dare ne yake tona asirinsu. A ta da injin a wuri mai duhu a buɗe bonet, in sun tsufa za a ga shuɗin tartsatsi yana wasa a jikinsu.

Akwai wani abu da ya kamata a sani game da 404 da 504. Fuloginsu ba a fili suke ba, suna can ƙasan wasu bututu ne da suka ratsa murfin kan injin, sai da doguwar sifana ake kai musu. In robar bututun ta mutu, baƙin mai yakan taru a ciki, in kuma an wanke injin da ruwa barkatai, ruwa ya kwanta. Ko wanne ya taru, wuta ba za ta kai bakin fulogi ba, silindar ta yi shiru, mota ta riƙa tafiya da ƙafa uku. A tsane ramin kafin a kwance fulogi, don kada dattin ya faɗa cikin injin. Tazarar bakin fulogi milimita 0.6 ce. Launinsa ma labari ne: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, jiƙe da baƙin mai kuwa injin ne ya fara tsufa.

Kada kuma a zare wayoyin fulogi huɗu a lokaci ɗaya ba tare da an yi musu alama ba. Jerin ba da wuta shi ne 1-3-4-2, amma a injin Peugeot ɗin nan silinda ta ɗaya ita ce ta wajen kuloci, wato ta kusa da direba, ba ta wajen lagireto ba kamar yadda aka saba a wasu motoci. Wanda ya fara ƙirga daga gaba zai kai wuta silindar da ba lokacinta ba, motar ta yi ta harbi ta ƙi tashi, a ce ai aljanu ne.

ABIN DA LITTAFIN MA'AJI YA NUNA

A taron dattawa na bayan wannan, na roƙi ma'aji ya karanta mana abin da aka kashe wa motar a shekarar. An sayi kwayil sau biyu, fulogi sau uku, famfon mai sau ɗaya, ga kuɗin aiki kowane zuwa. Da muka tambayi direba gwajin da aka yi kafin a sayi kowanne, sai ya zamana babu. Akan sauya wannan ne, in ba ta gyaru ba a sauya wancan. Kwayil biyun da aka cire muka sa aka auna, duka lafiyarsu ƙalau. Ba na cewa makanikai macuta ne, da yawansu yara ne da suka koyi aiki a kan motocin zamani, ba su taɓa ganin ana bin kwantak da ƙwan fitila ba, dattawan da suka iya kuwa suna ƙarewa. Amma kuɗin nan na gwauruwar da ta sayar da mudun gyaɗa ta kawo baiko ne. Tun kuma da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, motar da wutarta take da rauni tana zubar da ɗanyen mai ta salansa, kowace tafiya asara ce da ake ji a jika.

Muka yanke abu uku. Ba za a sayi wani kayan wuta ba sai direba ya faɗa wa ma'aji gwajin da aka yi da abin da ya nuna. Duk abin da aka cire a dawo da shi, kada a bar shi a gareji. Sa'an nan muka sami gwangwanin madara muka zuba kwantak ɗaya, da kondansa da aka riga aka gwada a jikin motar, da rota, da fulogi biyu, da fila-geji, da guntun samfefa mai laushi, da ƙwan fitila mai waya biyu, muka ajiye a ƙarƙashin kujerar direba tare da tocila. Asabar ta farkon kowane wata direba yakan buɗe distirbuta ya auna tazara, matasa biyu suna tsaye suna kallo, ɗayansu ma har ya fi shi saurin hannu yanzu. Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a sauya distirbutan gaba ɗaya zuwa na zamani marar kwantak, wanda ba ya bukatar awo. Shawara ce mai kyau ga motar da take yawo a cikin birni. Dattawa dai suka ce a dakata, domin in wancan ya mutu a dajin da ba kowa, tsinken ashana ba zai tashe shi ba.

Sabon kondansan nan kuwa direba ya mai da shi shagon da aka sayo shi, da rasit a hannu. Mai shagon ya juya shi, ya ce shi bai ga abin da ya same shi ba, kuma kayan lantarki in sun fita ba sa dawowa. Yana nan a cikin akwatin rasit na ma'aji, har yanzu yana ƙyalli.